Sankarar ɓargo: ta yaya take cinye ƙashi?

Yar Kurna:
Assalamu alaikum, dan Allah masu ilimin likitanci ku taimaka min. Babanmu shekararsa 67, kusan wata takwas yana fama da ciwon baya muna ta cewa sanyi ne ana siyo masa diclofenac a kemis, rannan ya sunkuya zai ɗau buta kawai sai ya kasa miƙewa. Da aka yi hoto aka ga ƙashin bayansa ɗaya ya rufta, ƙoƙon kansa kuma duk ƙananan ramuka kamar an huda da ƙusa. Likita ya ce mayeloma ce, sankarar ɓargo. Ni abin da ban gane ba, ciwo yana cikin ɓargo me ya kai shi ƙashi? Kuma in siyo masa maganin kalsiyam ko zai cike ramukan?

Likitan Jini:
Wa alaikumus salam yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kar ki ba shi kalsiyam sai likitansa ya auna jininsa ya ce, zan faɗi dalili.

Ita sankarar ba da kanta take cin ƙashin ba. Ƙashinmu kullum cikin kwaskwarima yake, akwai ƙwayoyi masu rusa tsohon ƙashi ana ce musu ostiyokilas, akwai magina masu cike gurbin, ostiyobilas. To ƙwayoyin mayeloma sai su je su manne da ƙwayoyin da ke kewaye da su a ɓargo su zuga su, maƙwabtan nan su riƙa fitar da wani sinadari RANKL wanda shi ke tada masu rusau, shi kuma OPG da ke taka musu birki ya ragu. Ƙwayoyin mayeloman ba su tsaya nan ba, suna sakin wani sinadarin DKK1 da ke ɗaure hannun magina. Rusau na tafiya ba gini, kamar gara ta samu azara, shi ya sa ramukan ba kasafai suke cikewa ba ko an ci ƙarfin ciwon. Abin takaicin ma ƙashin da ya narke yana sakin abubuwan da ke ƙara ciyar da sankarar, ga wani sinadarin IL-6 daga maƙwabtan nan da shi ma ke raya ta, ita ta ƙaru rusau ya ƙaru.

Kalsiyam ɗin ƙashin kuwa cikin jini yake zubewa, yakan yi yawa har mutum ya dinga jin ƙishirwa da taurin bayan gida da ruɗewa.

Abban Khairat:
Wallahi haka muka gani da Hajiyarmu, mun ɗauka rikicin tsufa ne ashe kalsiyam ne ya hau. Ana mata ƙarin ruwan zoledronic acid, maganin rage narkewar ƙashi, duk wata, amma sai da aka tura mu wajen likitan haƙori tukuna dan maganin yana iya taɓa ƙashin muƙamuƙi. Ki daure yar uwa, kuma ku bi shi a hankali wajen tada shi daga kwance, kar a ja shi ta hannu.

Yar Kurna:
Na gode sosai, yanzu na gane. Diclofenac ɗin fa likita? Shi ne kaɗai yake sa shi bacci.

Likitan Jini:
Ku tsayar da shi, har ibuprofen ma. Mayeloma tana fitar da wani furotin da ke toshe ƙoda, waɗannan magungunan kuma ƙara mata nauyi suke. Ku nemi a canja masa maganin ciwo, ya yawaita shan ruwa in likita bai ƙayyade masa ba. In kika ga ƙafafunsa sun fara mutuwa ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, kar ku jira ranar kilinik, ku tafi imajensi a daren, alama ce mai yiwuwa ƙashin ko ciwon ya danne laka.