Me zai hana a daskarar da ƙoda a ajiye kamar nama?

Abu Sadiq:
Salamu alaikum jama'a. Yayana shekara biyu kenan yana wankin ƙoda, jiya muna hira nace wai me zai hana a dinga daskarar da ƙodar da aka samu a ajiye, in mai buƙatar dashe ya zo a sa a microwave a narkar? Dariya ya yi min amma ni fa da gaske nake.

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Yaya lafiya. Ai narkarwar ce ma ta fi wuya. Ƙanƙara in ta fito a cikin tsoka yayyaga ƙwayoyin halitta take yi, shi yasa ake ɗura wa ƙodar sinadarai ta sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ba, to amma wajen ɗumamawa in ka yi sanyin jiki ƙanƙarar a lokacin za ta fito, in kuma waje ya riga ciki yin zafi sai ta tsage, kamar kofin gilashin da aka zuba wa tafasasshen ruwa.

Maman Ilham:
Hhhh microwave kuma? Ka taɓa narkar da kaza a ciki? Gefe ya dahu tsakiya kamar dutse.

Ɗan Lab:
Haka ne Hajiya, ruwa ya fi ƙanƙara shan zafin microwave sosai, duk inda ya fara narkewa nan zafin zai taru. Amma Abu Sadiq bai yi nisa da gaskiya ba. A jami'ar Minnesota ta Amurka, su Farfesa John Bischof suna ɗura ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ta jijiyoyin jini kafin a daskarar, sai a sa gaɓar cikin naɗaɗɗen waya mai maganaɗisu, ƙwayoyin su yi zafi daga ciki ko'ina lokaci ɗaya, daga baya a wanke su. A 2017 sun gwada da jijiyoyin jinin alade. A 2023 kuma suka ajiye ƙodar ɓera har kwana 100, suka narkar suka dasa wa ɓeraye biyar, kuma ta yi aiki.

Abu Sadiq:
Ikon Allah! To mutane fa, an fara?

Ɗan Lab:
Tukuna dai ɗan uwa. Ƙodar mutum ta ninka ta ɓera girma nesa ba kusa ba. Yanzu kan ƙanƙara ake ajiye ta, kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zuciya ma awa huɗu zuwa shida ne kawai.