Wai me ya haɗa ƙaton kurege da hasashen sanyi a Amurka?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ku fitar da ni daga duhu. Wata na biyar kenan da zuwa karatu a jihar Pensilbaniya, sanyi ya gama da ni wallahi, yau da safe 2 ga Fabrairu na shiga ɗakin cin abinci na tarar kowa ya zuba wa talabijin ido, na ɗauka wani babban abu ne ya faru, ashe wai wasu dattawa ne sanye da baƙaƙen kwat da doguwar malafa suka ɗago wata dabba kamar gafiyar da ta ƙoshi, wai sunansa Phil, wai ya ga inuwarsa don haka saura mako shida na sanyi. Har da masu tsaki. Na tambayi abokin ɗakina ya ce al'ada ce kawai, iyakar abin da ya sani kenan. To wai daga ina abin ya samo asali, kuma da gaske sun yarda da shi ne ko raha ce?

Malam_Ohayo:
Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa ƙasar ƙanƙara. Ba gafiya ba ce, dangin kurege ne, groundhog suke ce masa, shi ya sa ranar ake kiranta Groundhog Day. Garin da ka gani Punxsutawney ne, kar ka wahalar da harshenka, ka ce Panksatoni za su gane. Tun 1887 suke hawa wani tudu a bayan gari suna wannan abin.

Amma asalinsa ba na Amurka ba ne. Ka ƙirga kwana 40 daga Kirsimeti za ka faɗo kan 2 ga Fabrairu, ranar da Kiristoci ke tunawa da kai Annabi Isa (AS) wurin ibada a Ƙudus yana jariri, a coci ake sa wa kyandirori albarka a ranar, Candlemas kenan. Sai manoman Turai suka jingina mata camfi, wai idan ranar ta zo garau rana ta fito to sanyi bai tafi ba, idan kuma gari ya lumshe da gajimare to ya kusa. Jamusawa ne suka sako dabba a ciki, su tasu dabbar dangin dage ce mai barci a rami, idan ta fito ta ga inuwarta sai ta koma. Da suka yi ƙaura zuwa Pensilbaniya sai suka ɗora wa wanda suka tarar a gonakinsu aikin.

Maganar yarda kuma, raha ce, su kansu dattawan sun riga sun shirya takardar da za su karanta. Har cewa suke wai Phil ɗaya ne tun farko yana shan wani maganin tsawon rai, alhali dabbar a daji da ƙyar take wuce shekara shida. Hukumar yanayi ta ƙasar ta sha gwada hasashensa da abin da ya faru, bai kai rabi ba a dacewa, wato jefa kwabo ma ya fi shi.

Ummu_Safiyya:
Ni abin da ya ɗaure min kai, ai fitowar rana zafi ya kamata ta nuna ba sanyi ba, ya aka yi suka juya shi?

Injiniya_BK:
Hajiya ba su juya ba. A can lokacin sanyi ranar da sama ta washe ita ta fi cizo, saboda gajimare kamar bargo ne, idan babu shi ɗumin ƙasa sai ya gudu da dare. To akwai ɗan hankali a camfin, sai dai yini ɗaya ba zai gaya maka mako shida ba.

Ni abin da nake so ɗan Fagge ya lura da shi lissafin rana ne, don nan gizo ke saƙar. Yini mafi gajarta a arewacin duniya yana zuwa wajen 21 ga Disamba, ranar da dare da yini ke daidaita kuma wajen 20 ga Maris. Tsakiyarsu ina? Farkon Fabrairu. Shi ya sa a wasu ƙasashen sanyi sai ka samu wani biki a daidai nan. Mutanen Ailan tun kafin Kiristanci suna da Imbolc a 1 ga Fabrairu, lokacin da tumaki ke fara haihuwa nono ya dawo, daga baya ta zama ranar waliyyiyarsu Brigid, daga 2023 ma gwamnatinsu ta ware mata ranar hutu a farkon Fabrairu. Manomin da ba shi da kanti a kusa a nan yake leƙa rumbu, idan itace da harawa sun ci fiye da rabi to ya san akwai matsala kafin ciyawa ta fito.

Kuma ku yi wannan lissafin ku sha dariya, mako shida daga 2 ga Fabrairu 16 ga Maris kenan, saura kwana huɗu kalandarsu ta ce sanyi ya ƙare. Wato ko ya ga inuwa ko bai gani ba dai magana ɗaya ce, kuregen nan ɗan siyasa ne.

Abin da ke fito da shi daga rami ma ba duba gari ba ne, mazan ne ke farkawa da wuri su zaga su gano ramukan mata, sannan su koma barci. Zance yake zuwa.

Alhaji_Guanzu:
Injiniya ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mu nan Chaina wannan lokacin mun fi kowa saninsa don aljihunmu ne ke ji. Sabuwar shekararsu da wata take tafiya, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, su kuma bikin shigowar bazara suke kiranta duk da sanyin da ake yi, kuma a kalandarsu wajen 4 ga Fabrairu ne farkon bazarar, ka ga ya zo daidai da tsakiyar da kake faɗa. Masana'antu a rufe, ma'aikata kowa ya tafi ƙauyensu, wanda bai loda kwantenarsa kafin nan ba sai ya rungume hannu, na taɓa yin wata guda cur ina jiran kaya masu kuɗi na ta kirana daga Kwari. Sai wata ya cika kwana 15 su kunna fitilu su rufe bikin.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Malam to ke nan babu ruwana da inuwa, Maris zan jira. Jiya da dare da na fito daga laburare na ɗaga kai sai ga kaza da 'ya'yanta tar a sama, kamar yadda muke ganinsu a tsakar gida lokacin hunturu, na tsaya kallo ko minti biyu ban yi ba kunnuwana suka daina aiki. Wai ina ake samun hular sanyi mai rufe kunne a farashi mai sauƙi?