Wai da gaske ba a biyan haraji kan man jirgin sama?

Mai_Neman_Sani:
Salam 'yan uwa. Wani abu na karanta jiya ya tsaya min a rai, wai man da jirage ke sha in za su tafi wata ƙasa babu haraji a kansa, alhali a ƙasashe da yawa mai mota sai ya biya a kan kowace lita. To ya haka, ba duk hayaƙi suke fitarwa ba? Don Allah wanda ya sani ya ƙara min haske.

Injiniya_83:
Wa alaikumus salam. Haka ne ɗan uwa, sai dai ana ɗora wa yarjejeniyar Chicago ta 1944 (wadda ƙasashe suka ƙulla kan zirga-zirgar jiragen sama) laifin da ya fi ƙarfinta. Sashe na 24 cewa ya yi kar a caji man da jirgi ya sauka da shi a tankinsa, shi kenan fa. Wanda ake ɗura masa a filin jirgi kuwa, ƙasashe ne da kansu suka riƙa yafe wa juna a yarjejeniyoyin da suke ƙullawa biyu-biyu. Tarayyar Turai ma ta sa wannan rangwame a dokarta ta 2003, a 2021 aka kawo shawarar cire shi amma sai kowace ƙasa ta amince, nan maganar ta maƙale.

Matafiyi:
Ni fa ina ganin ko an sa ba zai yi aiki ba, jirgi zai cika tanki ne a inda mai ke da araha, ya ƙara nauyi ya ƙona fiye da da. Kuma duka-duka kason jirage a hayaƙin kabon na duniya bai wuce kashi 2.5 cikin 100 ba.

Yar_Malam:
Malam Matafiyi, kilo ɗaya na man nan in ya ƙone yana ba da hayaƙin kabon fiye da kilo 3, ban da farin layin nan da jirgi ke bari a sama wanda shi ma yana riƙe zafi. Ni abin da ya fi ci min rai, yawancin mutanen duniya ba su taɓa hawa jirgi ba, amma fari da ambaliya su suka fi samu, rangwamen kuma masu hali ke mora. Ai Amurka da Japan suna karɓar haraji kan man jiragen cikin gida kuma jiragensu ba su daina tashi ba.

Injiniya_83:
Maganar cika tankin gaskiya ce, shi ya sa sai ƙasashen da ke maƙwabtaka sun sa shi tare. Ingila dai tun 1994 ta zagaya ta ɗora harajin a kan tikiti.