Kafin ka tayar da tsohuwar Datsun 240Z

Masu gyaran tsofaffin motocin Japan a gida sun yi ta musayar ra'ayi kan Datsun 240Z, wadda Nissan ta fitar a 1969 da sunan Fairlady Z a Japan. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne tsatsa. Suka ce kar fenti mai sheƙi ya ruɗe ka: ɗaga shimfiɗar ƙasa, leƙa ƙarƙashin batir, ka ƙwanƙwasa ƙarafan da ke riƙe da gindin motar. Bodinta da shasinta a haɗe suke, don haka in nan ya rube, aikin walda ne babba. Ka bi jikin da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi aka rufe.

Injin L24 mai silinda 6 yana da juriya. In motar ta daɗe a ajiye, wanke tanki, canza tiyon mai, ka ɗiga man inji ta ramin filogi, ka juya injin da hannu tukuna.

Kan kabureta biyu na Hitachi aka yi saɓani. Wasu sun ce na ƙirar 1973 a cire su a sa na shekarun farko, saboda suna wahalar da mutum in injin ya yi zafi. Wasu suka ce a bar motar yadda ta fito. Ni dai ina tare da masu cewa a daidaita lokacin wutar filogi da bawul kafin a taɓa kabureta, domin sau da yawa laifin ba nata ba ne.

Birki kuwa, a sabunta shi kafin a hau titi.