Neman taimako: sabar ajiyar bayanai ta daina karɓar kwafi bayan na sauya satifiket ɗin tsaro

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar kwamfuta. Ina kula da sabar Proxmox Backup Server, wato kwamfutar da ke ajiye kwafin bayanai, a wurin aikinmu, wadda tun da aka kafa ta take amfani da satifiket ɗin tsaro (shaidar da ke tabbatar da cewa ita ce sabar ta gaskiya) da ta sa wa kanta hannu. Makon jiya muka sayi na waje daga wata hukumar ba da shaida, na sa shi a /etc/proxmox-backup/proxy.pem, mabuɗinsa kuma a proxy.key, sannan na sake loda proxmox-backup-proxy, manhajar sabar da ke amfani da satifiket ɗin. Idan na buɗe shafin sabar ta tashar 8007 da sunanta, burauza ba ta ƙara yin gargaɗi.

Matsalar tana wajen injinan Proxmox VE guda biyu, wato kwamfutocin da ayyukanmu ke gudana a kansu, da ke tura mata kwafi kowane dare. Da farko sun ce zanen yatsan satifiket, wato lambar da ke bambanta shi da kowane satifiket, bai dace ba, wanda na fahimta, tunda tsohon ne ke rubuce a storage.cfg, fayil ɗin saitin ma'ajiya na injinan. Na goge layin zanen yatsan don kada in riƙa gyara shi duk lokacin sabuntawa, sai suka koma cewa sun kasa tantance satifiket ɗin. Yau kwana huɗu ke nan ba mu da sabon kwafi, abin da ya hana ni barci, domin bayanan albashin ma'aikata suna ciki.

Ina zargin abu biyu. Shin dole ne in haɗa satifiket na tsakiya (wanda ke haɗa namu da babban satifiket ɗin hukumar) cikin proxy.pem, kuma wanne ke zuwa a sama? Sannan injinan suna kiran sabar da adireshin IP, alhali sunanta kaɗai ke cikin satifiket ɗin. Shin wannan ma zai iya jawo ƙin amincewar? Allah ya saka da alheri.