Tara ce ko farashi? Muhawara kan cajin wuce iyakar obadaraf a bankunan Birtaniya

Dattijon Bradford: Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar Juma'a wani matashi ya ce mini bankunan ƙasar nan ba su taɓa zaluntar kowa da cajin wuce iyakar obadaraf ba, wai wanda ya taɓa kuɗin da ba nasa ba ai dole ya biya. Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, obadaraf dama ce da banki ke ba mutum ya ciri fiye da abin da ke asusunsa har zuwa wata iyaka da aka amince a kai. A 2008 kuɗin wutar gidana ya fita daga asusu kwana ɗaya kafin albashi ya shigo, sai na tsallake iyakar da fam 4 kacal. Bayan mako guda wasiƙa ta iso cewa za a cire mini fam 30, kuma cirewar ce ta sake jefa ni bayan iyaka a watan da ya biyo, aka sake caji na. Ni dai ina nan a kan bakana cewa tara ce aka sa mata rigar farashi.

Ɗalibi a Leeds: Wa alaikumus salam. Baba, ni ne matashin, kuma da girmamawa ban sauya ra'ayi ba. A gida Najeriya ana cire mana kuɗin kula da asusu da kuɗin alat, ko kana da kuɗi ko ba ka da shi. A nan kuwa muddin asusunka bai shiga bashi ba, kati kyauta ne, tura kuɗi ma kyauta ne. Dole wani ya ɗauki nauyin wannan hidimar, kuma sharuɗɗan suna rubuce a takardar da kowa ya sa wa hannu.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, hujjar da ka kawo ita ce ta fitar da bankunan a kotu, amma ka lura da iyakar abin da kotun ta ce. A Yulin 2007 ofishin OFT mai kula da adalci a ciniki ya kai bankuna bakwai da Nationwide, wata ƙungiyar ajiya da lamuni mai aiki irin na banki, gaban shari'a, ya yi nasara a Babbar Kotu a 2008, ya sake yin nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a farkon 2009. Ranar 25 ga Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli, wadda ba ta cika wata biyu da buɗewa ba, ta juya hukuncin. Dalilinta shi ne cajin wani ɓangare ne na farashin hidimar asusu gaba ɗaya, kuma dokar 1999 ta kare masu saye ba ta ba OFT hurumin auna ko farashi ya yi tsada ba. Ba ta ce fam 30 a kan fam 4 adalci ne ba; cewa ta yi wannan ƙofar a rufe take. Haka ɗimbin mutanen da aka dakatar da ƙorafinsu suna jiran hukunci suka tashi a tutar babu.

Dattijon Bradford: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Ina cikin waɗanda suka jira ɗin, takardun suna nan cikin akwati har yau.

Malamin Lissafi: Tambayar da ba a yi ba ita ce, wane ne wannan "wani" da ke ɗaukar nauyin? Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta gano cewa a 2016 fiye da rabin cajin obadaraf marar izini, wato cirar da ta wuce abin da banki ya amince, ya fito ne daga aljihun kashi 1.5 cikin ɗari na masu asusu, kuma mazauna unguwannin marasa galihu sun fi faɗawa ciki. A 2017 bankuna sun samu sama da fam biliyan 2.4 daga obadaraf, kusan kashi 30 cikin ɗari daga marar izini. Hukumar ta ce tsadarsa takan ninka ta masu ba da bashin jiran albashi fiye da sau goma. Ke nan mai ƙaramin ƙarfi ne ke biya wa mai hali katinsa na kyauta. Shi ya sa daga 6 ga Afrilun 2020 aka hana ƙayyadadden caji na kullum ko na wata, aka hana sa wa marar izini farashin da ya fi na mai izini, aka kuma wajabta bayyana kuɗin ruwa guda ɗaya na shekara.

Ɗalibi a Leeds: To Malam, sai ka faɗi abin da ya biyo baya. Nationwide ya ɗaga ruwansa daga kashi 18.9 zuwa 39.9, HSBC ma ya tsaya a 39.9, sauran manyan suka taru a kusa da nan, har sai da FCA ta rubuta musu a Janairun 2020 tana neman bayanin wannan daidaituwa. Wanda ya kiyaye iyakarsa amma yake zaune cikin bashin fam 1,000 shekara guda, da fam 189 zai biya, yanzu fam 399. Laifin me ya yi?

Malamin Lissafi: Lissafinka daidai ne, ban musa ba, kuma wannan mutumin ya cutu. Sai dai ka ɗora ɗaya lissafin a kan sikeli: bashin fam 100 marar izini da kan ci fam 5 a rana ya koma ƙasa da kwabon Birtaniya 20 a ƙiyasin hukumar, wadda ta ce bakwai cikin goma na masu amfani da obadaraf sun samu sauƙi ko kuma ba abin da ya sauya musu.

Maman 'Yan Biyu: Akwai abin da ya fi damuna, ko da yake ba ni da ilimin yin fatawa. Da ana iya gardamar cewa fam 30 ɗin ladan aiki ne, amma yanzu bankin da kansa ya kira shi kuɗin ruwa, yana ƙaruwa da yawan bashi da yawan kwanaki. Ni na sa an cire mini obadaraf ɗin gaba ɗaya, na kuma matsar da ranar biyan haya da wuta zuwa kwana uku bayan albashi.

Dattijon Bradford: Ɗana, ka amsa mini abu ɗaya kafin mu tashi. In har fam 30 ɗin ainihin kuɗin hidimar ne kamar yadda ka ce, yaya aka yi bayan an hana shi katinka yake nan kyauta har yau?

Ɗalibi a Leeds: Saboda mai bashin fam 1,000 ya karɓi kayan, Baba. An sauya ɗan dako ne kawai.