Kuɗi ne suka kayar da Jamaal Bowman?

Abdullahi: Jama'a, har yau ina kan bakana. Kuɗi ne suka kayar da Jamaal Bowman, ɗan Majalisar Wakilan Amurka a lokacin, a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a mazaɓa ta 16 ta jihar New York, a Yunin 2024. Ƙungiyar AIPAC mai goyon bayan Isra'ila ta zuba sama da dala miliyan 14 don a kayar da shi, saboda ya tsaya kai da fata sai an tsagaita wuta a Gaza. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Hajiya Rabi: Malam Abdullahi, an zuba kuɗin, ba wanda ya musa. Amma duba tazarar: George Latimer ya ba shi ratar kusan kashi 17 cikin ɗari. Latimer shi ne shugaban gundumar Westchester a lokacin, can ne mafi yawan masu jefa ƙuri'ar mazaɓar suke, kuma sun daɗe da saninsa. Ƙarfin Bowman a Bronx yake, wani yanki na birnin New York, ɓangaren Bronx ɗin da ke cikin mazaɓar kuwa ɗan kaɗan ne.

Nasiru: Kada a manta da ƙararrawar gobarar da ya ja a wani ginin ofisoshin 'yan majalisa a Satumbar 2023. Ya amsa laifi, ya biya tarar dala 1,000, majalisa ta tsawata masa. Da hannunsa ya miƙa musu wuƙa.

Abdullahi: To wa ya wasa wuƙar? Tallace-tallacen nasu ma ba su cika taɓo Gaza ba. Ƙin amincewarsa da dokar gina hanyoyi da gadoji ta Biden a 2021 suka yi ta nanatawa a talabijin dare da rana, har mutane suka ɗauke shi ɗan tawayen jam'iyya.

Malam Isa: Ni a Bronx nake zaune, bari in sa baki. A jihar nan sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ne yake zaɓen fidda gwaninta, kuma mutane ƙalilan ke fitowa. A 2018 Joe Crowley ya fi Alexandria Ocasio-Cortez kuɗi nesa ba kusa ba, yana cikin manyan jam'iyya a majalisa, amma ta kayar da shi a zaɓen da ƙuri'unsa duka ba su kai 30,000 ba. Shi kansa Bowman, tsohon shugaban makaranta, a 2020 ya tuge Eliot Engel da ke kan kujerar tun 1989. A lokacin ya bi ƙofa-ƙofa. Bayan ya shiga majalisa, Westchester ba ta ƙara ganinsa kamar da ba.

Abdullahi: Baba Isa, in dai faɗuwarsa a shirye take, me ya kai su ga zuba miliyan 14?

Hajiya Rabi: Don sauran 'yan majalisa su gani su shiga taitayinsu. Wannan na yarda da kai a kansa. Amma ko da ba su kashe sisin kwabo ba, ban ga ta inda Bowman zai cinye Westchester a hannun Latimer ba.